Notin Bawul

Ƙanƙane ne, bai kai ƙwayar masara ba,
zoben da ko yatsan jinjiri ba zai shiga ba.
In ya suɓuce ya faɗa yashin Tudun Wada
sai ka durƙusa kamar mai neman gafara.

Shekara tara ina jigilar tumatir
daga fadamar Kubanni zuwa cikin birni,
kwando biyu a kariya, ɗaya rataye a gaba,
kullum da asuba in ɗauko filaya
in murɗe shi tamau har ƙarfe ya yi ƙara,
ina cewa abin da aka ɗaure ba ya ɓata.

Ran wata Talata, hantsi ya dubi ludayi,
ina gangarawa daf da Ƙofar Doka
akuya ta gitta, na damƙe birki.
Tayar baya ta yi ajiyar zuciya guda ɗaya.
Tumatir bakwai suka riga ni sauka.

Na tura har gindin darbejiya
inda Baba Cindo ke faci tun ina goye.
Ya zare tub, bai ko tsoma shi a ruwan kwano ba,
ya ɗaga mini: bawul a dama, roba a hagu.
Ya ce, "Ba ƙusa ba ce, ba ƙaya ba.
Kai ne.

In iska ta ja baya taya kan ja jiki,
duk birkin da ka kama sai ta gusa kaɗan,
ta ja tub ya bi ta.
Bawul ya so ya karkata ya ba ka labari,
ka shaƙe masa wuya.
To, ga shi ya tsinke daga tushe,
inda sholisho ba ya jin magana."

Na ce, to me ya kawo shi duniya?

"Lokacin famfo.
Ya riƙe bawul kada ya noƙe kamar kan kunkuru.
Taya ta ƙoshi, ka mayar da shi baya murɗa biyu.
Da hannu."
Ya buɗe tafinsa, yatsa shida a jere:
"Duk ƙarin da Allah Ya yi mini,
biyu kaɗai nake sa masa."

Ya ɗiga masa baƙin mai da tsinken tsintsiya,
don damina ba ta barin zare da lafiya.
In zai cire shi, a kumatu yake ajiye shi
kamar saura goro,
shi ya sa rabin nasiharsa a cushe take fita.
Gefensa gwangwanin madara, cike da notuna
na mutanen da suka ce ba komai ba ne.

Bana darbejiyar na nan, bencin babu.
Mai cajin waya ne ya kafa laima a gurin.
Gwangwanin yana ɗakina, jikarsa ta aiko mini,
in na girgiza shi yakan yi kamar yayyafi a kwano.

Jiya da dare Hayatu ya same ni a zaure,
ya ce Kaduna yake so, koyon haɗa sola,
tumatir ba ya cikin ransa.
Na amsa masa da muryar filaya.
Ya tashi bai ce uffan ba.

Yau da asuba na haska tayar baya.
Bawul ya karkata, ya dubi gabas,
kamar mai son magana yana jin nauyi.
Na sace iskar, na gyara masa zama,
na buga famfo arba'in da biyu,
na mayar da noti baya, ɗaya, biyu.

Na daɗe a tsugune, mai a yatsuna.
Sannan na ƙwanƙwasa ƙyauren yaron
na ce, "Daga Kwangila, nawa ne kuɗin motar?"